Giga Tamanin na Yaya Habu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar nan ba, ko da na so in manta, kuma wallahi na so. Ita ce shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, damunar da ta gabace ta kuma ta yi mana rowa, har rumbunan Matameye suka zama wurin kwanan kaji tun sanyi bai wuce ba. Wasu da juyin mulki suke tuna ta, wasu da yunwa. Ni kuwa da wani ɗan ƙarfe nake tuna ta wanda bai fi tafin hannuna ba, da kuma wannan bakin nawa.

A lokacin ina aiki a biron wata ƙungiyar manoma, wato ofishinta, ɗaki ɗaya da baranda a bayan kasuwa. Aikina kula da kwamfuta, wadda mu nan muke ce wa ordinatar. Tsohuwa ce tukuf, wasu Turawa suka bar mana ita da za su koma gida. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana miƙa. Amma a wurina sarauniya ce. Na sa Idi tela ya ɗinka mata riga ta farin yadi, na hana kowa atishawa kusa da ita, na ce ta nan cuta ke shigarta. (Allah ya yafe mini, har shugabanmu Mushe Lawali, Mushe kuwa shi ne Malam a Faransancinmu, dattijo mai furfura, sai ya fita baranda yake tari.) Duk ilimin da nake wannan taƙama da shi, wata uku ne na yi a Damagaram ina koyon buga takarda, a ciki har da sati biyun da na kwanta zazzaɓi. Amma tunda babu wani a unguwarmu da ya san inda ake dannawa ta kunnu, sai na zama Mushe Ordinatar. Ina tafe makullin biro na lilo a wuyana, ina amsa gaisuwa da ka.

Yayana Habu bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Da babanmu ya rasu shi ya riƙe gona, ni aka bar ni da littafi saboda ni ne auta. Da an gama girbi sai ya ɗaure kayansa ya tafi cin rani Kano, kamar yawancin mazan garinmu. Sai dai shi ba ya cikin masu zuwa suna neman abin da za su kama. Yana da wurinsa. Rani goma sha ɗaya ya yi a shagon wani Alhaji Sabo mai sayar da kayan kwamfuta na gwanjo: shi ke sauke kaya, shi ke shara, shi ke gadi, makullin shago ma a aljihunsa yake. Bai iya karanta ko harafi ɗaya da ke jikin kwalayen da yake ɗauka ba, amma Alhaji kan tafi Legas sati guda ya bar masa komai. Kowane wata kuma Alhaji kan ɗora buhun masara a motar wani direba ɗan garinmu, a sauke a ƙofar gidanmu. A shekarar nan buhun nan shi ne gidan. Shi Inna ke ci, da matar Yaya, Zulai, da 'ya'yansu uku, da ni mai makulli a wuya, wanda albashinsa bai wuce sabulu da katin waya ba.

To ga yadda abin ya faro. Kwamfuta tana da wani abu a cikinta da ake kira diski, shi ne rumbunta, nan take zuba duk abin da aka rubuta. Da giga ake auna girmansa. Namu giga biyu ne kacal, ya cika maƙil, kullum sai na share tsohuwar wasiƙa kafin in ajiye sabuwa. Wata rana Yaya ya bugo waya yana tambayar jikin Inna, sai na ɓige da ba shi labarin diski. Ba roƙonsa na yi ba. Burga nake yi, in nuna masa ni ma ina da matsaloli irin na manya. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," na manta da zancen.

Shi bai manta ba. Al'adar Alhaji ce duk shekara in Yaya zai dawo shuka ya sallame shi da shadda yadi biyar. Wannan karon sai Yaya ya ce masa a bar shaddar, a ba shi diski babba ya kai wa ƙanensa.

Da ruwan farko ya sauka ya iso. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwance bakin buhunsa, yana kiran kowa da sunansa kamar yadda ya saba. Inna man zafi da goro, Zulai takalmi, yara biredi da ya sha hanya ya lotse. Tsarabar ba ta kai ta sauran shekaru ba, kowa ya gani, kowa ya yi godiya da ƙarfi. Ni aka bari ƙarshe. Ya zaro wata rigarsa a naɗe, ya warware, ga safa a ciki, a cikin safar ga leda, a cikin ledar ga diski yana ƙyalli.

"Auta, giga tamanin ne," ya ce. Ya faɗi kalmar a hankali, ka san ya yi ta maimaita ta a mota. "Naka nawa ka ce?"

"Biyu."

"To ka ga. Ka huta da shara."

Inna ta tambayi ina shaddar bana, ya ce ai ta bara ba ta tsufa ba. Kafin la'asar babu wanda bai ji labari ba a majalisarsu ta gindin dalbejiya. Washegari da hantsi sai ga shi a biro cikin tsohuwar shaddar, da Idi tela da wasu abokansu biyar a bayansa, sun zo ganin yadda ake sa giga tamanin. Mushe Lawali ma ya jawo kujera.

Na tuɓe wa sarauniya riga, na kwance ƙusoshinta, na yi ta laluben wayoyi ina gyaɗa kai kamar na san su. (Sau ɗaya aka taɓa buɗe mana cikin kwamfuta a Damagaram, shi ma ina layin baya.) Da taimakon Allah dai na haɗa, na kunna. Ta yi gurnaninta, ta yi miƙarta, ta kawo rubutu.

"Ya nuna?" in ji Yaya, yana leƙowa ta kafaɗata.

Ya nuna. Takwas da 'yan kai.

Na kashe na sake kunnawa. Takwas. Na hura wayar, na sake. Takwas. Gumi ya fara bin bayana, mutum takwas sun zuba mini ido, ɗakin tsit sai ƙarar fanka. Ban fahimci komai ba, ko kaɗan. Amma Mushe Ordinatar ne fa a zaune. Sai na jingina da kujera, na cire gilashina (wanda ba na magani ba ne), na yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yaya, an yi maka wayo. Wannan takwas ne."

"Tamanin dai. Alhaji da bakinsa ya faɗa. Ga shi ma an ce a rubuce yake a jiki."

"Takarda ce aka manna. Ba ka san 'yan kasuwa ba? Su ɓare ta wani su liƙa wa wani, su samu irinku su miƙa muku."

"Auta, Alhaji ba zai yi mini haka ba."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma na ga mutane sun karkato suna saurarona, sai abin ya yi mini daɗi. Na juyo masa da fuskar kwamfutar na ce, "Na'ura ba ta ƙarya. Zo ka karanta da kanka." Na ɗan dakata, sannan na ƙara: "Au, na manta."

Aka fashe da dariya. Idi tela har da buga cinya. Yaya ya sunkuyo, ya daɗe yana kallon gilashin nan, sannan ya ce a hankali, "Takwas kam na santa. Akwai ta a waya." Ya miƙe ya gyara hularsa. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance a tsaye kamar haka ba, kuma na gani sarai, ba wai ban lura ba.

Nan take, don in ƙara nuna gwaninta, na yanka takwas ɗin gida biyu, abin da ake ce wa partisiyon. Kamar ka ja katanga ne a tsakiyar ɗaki: nan na kayan aikin na'ura, can na takardu. Huɗu nan, huɗu can. Ina yi ina bayani da Faransanci, ba mai ji sai Mushe Lawali. (Ka lura fa, mai karatu: na ce abu jabu ne, amma ban cire na mayar wa mai shi ba.)

Kafin azahar Idi tela ya raɗa masa suna. Habu Giga Tamanin. A gona, a masallaci, a bakin rijiya, sai ka ji an ce, "Giga Tamanin, yau nawa ya nuna?" Yana murmushi ya wuce. Da an bar shi, na tabbata da haka zai haɗiye abinsa har a manta. Ni ne ban bar shi ba. Na bi shi har gona na ce haƙƙinsa ne, shaddarsa ta tafi a banza, dole Alhaji ya san cewa Habu yana da ƙane mai ilimi. Ya ce shi bai san ta inda zai fara wannan magana ba. Na ce ba sai ya yi magana ba.

Ka san mu da takarda. A ƙasarmu abu bai tabbata ba sai an buga masa hatimi. Na zauna na tsara takardar shaida, atestasiyon sosai, da Faransanci mai nauyi, shafi guda cur. Na jira Mushe Lawali ya fita salla na jawo durowarsa, na ɗauko hatimin ƙungiya na doka, na sa hannu mai kwana-kwana. Ko a raina bai zo ba cewa Alhajin Kano ba ya jin Faransanci. Kwafi biyu na buga. Ɗaya na ba Yaya, ɗayan na manna a bangon biro don masu shigowa su ƙaru.

Ruwan farkon nan bai samu na biyu da wuri ba. Shuka ta fito ta ƙone a tsaye. Bayan sati uku Yaya ya ce zamansa ba shi da amfani, gara ya koma Kano ko buhu ya ci gaba da zuwa. Na raka shi tasha, ina tuna masa kada takardar ta jiƙe.

Direban da ke kawo mana masara shi ya zo da labarin, don a gabansa aka yi. Ya ce Yaya ya shiga shago ya gaishe da Alhaji, akwai masu ciniki, ya miƙa takardar da hannu biyu ya ce, "Ƙanena ya ce takwas ne." Alhaji ya juya takardar, ya kalli hatimin, ya ce, "Kai kuma me ka ce?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi ya yi karatu, Alhaji." Sai Alhaji ya ce, "Habu, rani goma sha ɗaya kana kwana da dukiyata ban taɓa bin bayanka na duba ko waya ɗaya ba. Yau ni ka kawo wa takardar shaida a gaban mutane? Ajiye makullin."

Ka san abin da na ce da na ji? Na ce, "Kun gani ko? Da yana da gaskiya da bai fusata ba." Inna ta dube ni, ta shiga ɗaki.

Buhu bai sake zuwa ba. Inna ta sayar da akuya, ta sake sayar da ɗayar, a lokacin da akuya ba ta sayen tiyar hatsin kirki. Zulai ta shiga sahun mata masu fita daji tsinkar jiga da tafasa. Anza muke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, kuma ba ya fita duka. Yaya ya kama turin kurar ruwa a unguwannin Kano, abin da yake aikowa ba ya kai mu sati. Ƙaramar 'yarsa Rabi ta daina gudu ta tare ni in na dawo, sai dai ta bi ni da ido daga jikin uwarta. Ni kuwa kullum ina biro ina ajiye takardu a huɗu nan, huɗu can, ina jin daɗin fili.

Sojojin, a faɗi gaskiya, sun yarda a ce akwai yunwa, abin da a da sai a raɗa. Sai aka fara rubuta sunayen gidajen da za a ba taimako, aka zaɓi bironmu a yi aikin. Aka turo wata mata daga Damagaram, Madam Hadiza, da ƙaramar kwamfutarta ta hannu. Ba ta kai ni shekaru ba, ba ta da gilashi, ba ta da makulli a wuya. A ranar nan baranda ta cika, layi har bakin kasuwa. A ciki akwai Mushe Lawali, da masu unguwanni biyu, da Idi tela da ya zo rubuta gidansu. A kan benci kusa da ƙofa kuma ga Zulai, Rabi a cinyarta, tana jiran a kira ta. Matar yayana a layin taimako, ni ne mai bugawa. Tun safe nake kauce wa idonta.

Ana cikin aiki sarauniya ta yi tari ta ɗauke. Madam ta ce bari ta duba. Kafin in gama cewa na'urar ba ta son baƙon hannu, ta tuɓe ta, ta buɗe, ta gyara wata waya da ta saki. Sai ta tsaya.

"Kai! Giga tamanin a cikin wannan kakar? Wa ya sa mata?"

"Takarda ce kawai a jiki, Madam," na ce, ina murmushin masana. "Jabu ne. Takwas ne."

"Ita ce ke ganin takwas. Lokacin da aka ƙera irinta ba a san za a yi diski mai girma haka ba, ƙirgarta a takwas take tsayawa. Ko ɗari biyu ka sa mata, takwas za ta ce maka."

Ta zare diskin, ta haɗa shi da tata da wata 'yar waya, ta juyo da fuskar don kowa ya gani. Ga 'yan ɗakunana biyu a maƙure a gefe guda. Daga nan kuma ga fili fetal ya miƙe har ƙarshen gilashi, ba a taɓa shi ba, ya ninka nawa kusan sau tara.

"Lafiyarsa lau," ta ce. "Mai kyau ne ma, kusan sabo. Wanda ya ba ka wannan yana ƙaunarka."

Ban san ko ka taɓa jin kunnenka ya yi zafi har ka ji kamar na wani ne ba. Na so ƙasa ta tsage. Idi tela ne ya fara magana, kuma wannan karon babu dariya a muryarsa: "To Mushe, ba kai ka ce an cuci Habu ba?" Madam ta ɗaga kai tana neman wane ne Habu, sai idonta ya faɗa kan takardata a bango. Ta matsa ta karanta, ta tuntsire da dariya, baiwar Allah, ba ta san komai ba. "Wane gwani ne ya rubuta wannan? Har da hatimi!" Mushe Lawali ya tashi ya je ya duba hatimin, ya juyo ya dube ni. Wata biyu takardar tana bangon nan bai taɓa tsayawa ya karanta ba.

Duk wannan da sauƙi. Zulai ce ta gama da ni. Ta gyara wa Rabi kwanciya, ta ce, ba da ƙarfi ba, "Auta, kenan Alhaji bai cuci yayanka ba?"

Na buɗe baki. Faransanci ya ƙi zuwa, Hausa ma ta ƙi.

Da labari ya kai gida Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Gobe ka kama hanya. Da ƙafarka." Na nannaɗe diskin a rigata na bi motar direban nan, muka ƙetare iyaka, kowane shinge sai an sauke mu an duba. A wani shingen soja ya ɗaga diskin ya ce mene ne wannan, na ce rumbun kwamfuta ne, giga tamanin. Karo na farko ke nan da na faɗi adadin daidai.

Na samu Yaya a wani lungu yana turo kura mai jarka goma sha biyu, rana tsaka. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, silifansa an ɗaure shi da waya. Da ya gan ni ya tsorata, ya ce, "Inna ce? Ko Rabi?" Na ce duk suna nan. Muka raɓe a inuwar wani kango na gaya masa komai, ina kallon ƙasa. Na shirya wa mari. Wallahi da ya mare ni da na samu sauƙi.

Sai na ji ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ɗago. Fuskarsa ta washe. "Ashe Alhaji bai cuce ni ba. Auta, abin nan ya fi korar ci mini rai. Kullum sai in ce, mutumin da na sani haka?" Ya share fuskarsa da bakin riga ya ce mu je, bari ya kai wa masu ruwa ruwansu tukuna.

Shagon Alhaji Sabo cike yake da mutane. Dattijo ne gajere, mai sanyin murya. Na cire hula na durƙusa a kan siminti tsakanin kwalaye, na ce ni ne ƙanen, ni na yi kuskure, na zo neman gafara. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai hatimin?"

"Ni ne, Alhaji."

"Wace irin na'ura ka sa shi?" Na gaya masa. Ya girgiza kai. "Da tambaya aka zo yi mini, da a minti ɗaya na ce tsohuwa ce, ba ta ganin sama da takwas. Kowa a layin nan ya san wannan. Amma ba tambaya aka kawo mini ba."

Ya jawo durowa, ya zaro takardata a ninke. Ashe ya ajiye.

"Na nemi mai karanta mini ban samu ba. Tunda ga mai ita, bismilla. Da Hausa, yadda kowa zai ji."

Haka na karanta, a durƙushe, ina juya kowace jimla da bakina. "Ni da na sa hannu a ƙasa, ƙwararre a fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa..." Wani ya ce, "Ƙwararre!" Aka yi dariya. "...bayan bincike mai zurfi da na gudanar a gaban shaidu..." Maƙwabtan shago suka fara leƙowa. "...ina tabbatar da cewa an yi amfani da jahilcin mai ɗauke da wannan takarda..."

Nan muryata ta tsaya. Na manta na rubuta wannan. Yaya yana tsaye a gefena, bai taɓa sanin abin da ya ɗauko a aljihunsa tun daga Matameye ya miƙa da hannu biyu ba. Dariyar ta mutu. Alhaji ya ce, "Ya isa." Ya karɓi takardar ya yayyaga, ya zuba a kwandon shara.

"Na yafe," ya ce. "Habu, ni ma na yi saurin fushi, ka yafe mini." Yaya ya durƙusa kusa da ni yana ta "Ba komai, Alhaji, ba komai." Zuciyata ta fara sanyi, na ce shi ke nan, an gyara. Sai Alhaji ya nuna wani mutum mai furfura a gemu da ke jera kwalaye a ciki. "Amma makulli na hannun bawan Allahn can. Shi ma daga wajenku yake, shi ma yunwar ce ta koro shi, 'ya'yansa shida. Ba zan karɓe in ba ka ba."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Yaya. "Bai kamata ba."

Alhaji ya sa aka ba mu buhun masara ɗaya. Yaya ya hana ni taɓawa, ya ce ban saba ba, ya ɗora a ka har tasha. Ina biye da shi ina kuka kamar yaro, mutane na kallo, ban damu ba. Da aka ɗaure buhun a mota ya ce in gaishe da Inna, in gaya wa Zulai ta yi haƙuri. Har na shiga na zauna sai ya leƙo ta taga.

"Auta, sauran filin nan da matar ta nuna, yaya za a yi ka same shi?"

Na ce sai dai a samu wata na'urar da ba ta tsufa haka ba.

Ya gyaɗa kai yana tunani. "To bari mu gani. In Allah ya hore, baɗi."

Mota ta tashi, ya juya ya koma wajen kurarsa.

Rabi ta tashi, alhamdu lillahi, bayan ta yi sati uku a wurin da ake ba yara abincin tamowa. Mushe Lawali bai kore ni ba, ya dai sa wa durowarsa kwaɗo. Ni kuma na koyi abin da ba a koya mini ba a wata ukun Damagaram: in aka kawo mini abu na ga ya yi kaɗan, kafin in ce mai kawowa ne aka cuta, sai in fara tambaya ko ƙirgata ce ta tsaya a takwas. Darasi ne mai kyau, ina ba kowa shi kyauta, tunda ba ni na biya ba. Yaya Habu ne ya biya, kuma har yau ruwa yake turawa in rani ya yi.